Mu gani a ƙasa: yadda zaka gwada lissafin ruwan sama na tauraron ɗan adam da na'urar rada

Wai an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Toh haka ya kamata ka yi wa duk taswirar ruwan sama da ta fito daga tauraron ɗan adam, komai kyanta kuwa, shuɗi nan kore can ja a tsakiya, ta ce maka milimita 40 suka zuba a wuri kaza daren jiya, amma ka tuna shi tauraron nan bai taɓa jiƙewa ba tunda aka harba shi. Waɗanda ke tsaye cak a sama, a nisan kilomita 35,786, sanyin saman gajimare kawai suke aunawa da infared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, sai a yi kirdado a ce tunda saman hadarin nan ya yi sanyi haka toh lallai ana zuba a ƙarƙashinsa. Na ƙasa-ƙasa masu zagaya duniya kuma da gajerun igiyoyin rediyo da ake kira maikirowef suke dubawa, sun fi kusa da gaskiya, sai dai wucewa suke yi su tafi, sai bayan awanni wani ya sake biyowa ta wurin, kuma a kan tudu yawanci ƙanƙarar da ke cikin gajimaren suke gani ba ɗigon ruwan ba. Kaga kenan dole a samu wanda zai ba da shaida daga ƙasa.

Ma'aunin ruwan sama na gargajiya shi ne ya taɓa ruwan da gaske, amma bakinsa bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, santimita murabba'i 200 a irin wanda aka fi amfani da shi, alhali akwati ɗaya na taswirar tauraro ya kai kilomita 11 tsawo 11 faɗi. Hadari zai iya juye ruwa kamar da bakin ƙwarya a kusurwa ɗaya ta akwatin, ma'aunin yana ɗaya kusurwar a bushe ƙayau. Shi yasa ake komawa ga rada, ita tana share fili mai faɗi duk minti 5 zuwa 10 kuma tana ganin abu a kilomita ɗaya-ɗaya. Sai dai tun yanzu ka sa a ranka, ita ma radar kirdado take yi, ba ruwa take aunawa ba, amsa-kuwwar ɗigon ruwa take ji. Rabin aikin nan duk zai tafi ne wajen tantance mai ba da shaidar kafin ka zaunar da wanda ake tuhuma.

Fara da sanin me kake son gwadawa. Mafi shahara yanzu cikin taswirorin ruwan sama na tauraro shi ne IMERG na hukumar NASA, wanda ya dogara da tauraron GPM da Amurka da Japan suka harba ranar 27 ga Fabrairu 2014 daga tsibirin Tanegashima, shi ne ya gaji TRMM da ya yi aiki daga 1997 zuwa 2015. IMERG yana ba ka akwati mai digiri 0.1 duk rabin awa, kuma kala uku ne, akwai Early mai fitowa bayan kamar awa 4, akwai Late bayan wajen awa 14, sai Final da ke ɗaukar wata uku da rabi saboda sai an gyara shi da bayanan ma'aunan ƙasa na wata-wata daga cibiyar GPCC da ke Jamus. Kar ka gauraya su. Idan aikinka na gargaɗin ambaliya ne toh Early zaka gwada, don shi ne zai kasance a hannunka ranar da abin ya faru, sakamakon Final ba zai gaya maka komai a kan wannan ba. Akwai kuma GSMaP na Japan, CMORPH na NOAA, PERSIANN, da irin su CHIRPS da TAMSAT, amma waɗannan biyun na ƙarshe an gina su ne don jimillar kwana ko kwanaki, in ka ɗora su a kan rada awa-awa ka zalunce su. Ka rubuta lambar bashon ɗin da ka sauke tun ranar farko, don V06 da V07 na IMERG ba abu ɗaya ba ne, har sunayen wasu ginshiƙan cikin fayil ɗin sun canza.

Yanzu rada. Ka fara tambayar wace iri ce. Mai zangon S tsawon igiyarta kamar santimita 10 ne, irinta ce Amurka ke amfani da ita a tsarin radarta mai suna NEXRAD, guda wajen 160, ruwa mai ƙarfi bai cika rage mata ƙarfi ba. Mai zangon C santimita 5 ce, ita ta fi yawa a Turai, Jamus kaɗai na da 17. Mai zangon X kuma santimita 3, ƙarama ce mai kaifin ido a kusa amma da zarar hadari mai nauyi ya tsaya a gabanta shikenan, abin da ke bayansa ya dushe ko ya ɓace gaba ɗaya. Wannan dushewar tana samun C ma, kuma in ruwan ya sauka a kan ƙwallon da ya rufe radar kanta ya jiƙa shi, duk taswirar zata yi rauni ta kowace fuska na ɗan lokaci. In radarka mai harba igiya biyu ce, a kwance da a tsaye, ka ci sa'a, don akwai hanyar gyara dushewar ta amfani da bambancin jinkirin da igiyoyin biyu ke samu a cikin ruwa, kuma tana taimaka maka ka bambance ruwa da tarkace.

Tarkacen kuwa suna da yawa. Duwatsu, dogayen gine-gine, fankokin samar da lantarki, garken tsuntsaye da ƙwari musamman da magariba da asuba, har na'urorin intanet masu aiki a gigahaz 5 suna shiga wa radar C su ja wani dogon layi miƙaƙƙe kamar an zana da rula. Akwai kuma daren da iska ta kwanta, ƙasa ta yi sanyi sama da ɗumi, sai igiyar radar ta lanƙwasa ta daki ƙasa, ka wayi gari taswira ta cika da "ruwa" alhali ko ɗigo ba a yi ba. Hanya mafi sauƙi da zaka gano ciwon radarka, ka tara duk ruwan da ta gani na wata uku ko shida ka zana shi a hoto guda. Wallahi abin da ka kasa gani a hoton minti biyar a nan zai fito ɓaro-ɓaro, zaka ga ɗigo-ɗigo masu yawan ruwa na hauka, nan ne tarkace, zaka ga wani yanki kamar an yanka shi da wuƙa daga tsakiya zuwa baki babu ruwa sosai, nan dutse ko gini ko bishiya ta tare mata hanya. Duk wuraren nan ka rufe su, kar ka ji tausayin data. In kana da taswirar tudu da kwari irin ta SRTM zaka iya lissafa kason da aka tare, manhajar wradlib ta Python tana yin wannan, Py-ART ma yana da kayan aiki masu kyau na karanta fayilolin rada da tace su.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a nisa ne. Hasken rada kamar na tocila ne, yana faɗaɗa yana kuma hawa sama, ga duniya tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa. Ɗauki rada da ta ɗaga kai rabin digiri kacal, faɗin haskenta digiri 1. A kilomita 100 tsakiyar hasken tana sama da tsayin radar da kusan kilomita ɗaya da rabi, kaurinsa kuma kilomita 1.7. A kilomita 200 ya haura kilomita 4, kaurinsa uku da rabi. Toh ka gaya mini, abin da ta gani a kilomita huɗu sama shi ne ya sauka ƙasa? Ruwa mai ƙaramin gajimare hasken ya bi ta samansa ya wuce bai ma san ana yi ba, a wuri mai busasshiyar iska kuma ruwan da ta gani a sama ya ƙafe tun kafin ya iso. Sannan akwai layin da ƙanƙara ke narkewa, ɗan ƙasa da inda zafin iska ya sauka sifili, a wurin ƙwayar ƙanƙara tana sanye da rigar ruwa sai ta yi wa rada kama da wani ƙaton ɗigo, shi yasa zaka ga zobe mai haske ya zagaye radar a hoton jimilla. Ni dai shawarata ka tsaya tsakanin kilomita kamar 20 zuwa 100, ka jefar da na kusa sosai saboda tarkace da kuma ramin da ke saman kanta wanda ba ta gani, in lokacin sanyi ne da layin narkewa ke saukowa ƙasa-ƙasa ka ƙara matse zoben.

Daga nan sai maganar juya amsa-kuwwa ta koma milimita, kuma nan ne mutane da yawa suke ɗaukar lambar da suka tarar a cikin manhaja su wuce abinsu. Rada tana ba ka Z, wato ƙarfin amsa-kuwwar, ana rubuta shi da dBZ, kai kuma R kake so, wato milimita a awa. Tsohuwar dabarar Marshall da Palmer ita ce Z = 200R^1.6. NEXRAD ta daɗe tana amfani da Z = 300R^1.4 don hadari mai tsawa, akwai kuma Z = 250R^1.2 na ruwan yankuna masu zafi. Gwada su da dBZ 40 ka gani. Ta farko zata ba ka milimita 11.5 a awa, ta biyu 12.2, ta uku 21.6. Hoto ɗaya ne fa, rada ɗaya, minti ɗaya, amma amsa ta kusa ninkawa saboda zaɓin da kai ka yi a kan kujerarka. Dalili shi ne Z yana bin faɗin ɗigo ne a ninka shi da kansa har sau shida, ɗigo ɗaya mai milimita 2 yana mayar da amsa daidai da ɗigo 64 masu milimita 1, alhali ruwan da ke cikinsa na guda 8 ne kawai. Don haka ka yi lissafin da aƙalla dabara biyu ka ga ko hukuncinka a kan tauraron zai canza. In ya canza toh baka da hukunci tukuna. Kuma ka sa rufi a sama, da yawa suna yankewa a wajen dBZ 53, don abin da ya haura nan sau da yawa ƙanƙarar sama ce take yi wa lissafin kutse.

Saitin radar kanta ma abin dubawa ne. Kuskuren desibel 1 tak yana kawo bambancin kusan kashi 15 cikin ɗari a ruwa, desibel 3 ya wuce kashi 50, kuma rada tana iya gocewa haka bayan an canza mata wani sashe ba tare da kowa ya sanar da kai ba. Abin dariyar shi ne ɗaya daga cikin hanyoyin duba saitin radar ƙasa shi ne a gwada ta da radar da ke kan tauraron GPM ɗin, mai suna DPR, wadda ke aiki a gigahaz 13.6 da 35.5, saboda ita saitinta a tsaye yake kuma ita ɗaya ce ke bi ta kan kowa. Wato wanda ake tuhuma shi ke duba lafiyar idon mai shaida. Ba laifi ba ne in ka san me kake yi, Z kake gwadawa da Z a wuri guda a cikin iska, ba milimita ba, kuma sai ka yi gyaran bambancin zango. In baka da halin wannan, ka duba inda radarka ta haɗu da ta maƙwabta, in a kan iyakarsu kullum ɗaya ta fi ɗaya toh akwai mai matsala a cikinsu.

In akwai ma'aunai a ƙarƙashin radar, ka daidaita ta da su, jimillar awa ko ta kwana, ka raba abin da ma'aunai suka tara da abin da rada ta gani a daidai kansu ka samu lambar gyara. Wasu ƙasashen sun riga sun yi maka wannan, MRMS na Amurka yana fitar da taswira mai kilomita 1 duk minti 2 kuma akwai nau'insa da aka gyara da ma'aunai har da alamar ingancin rada a kowane wuri, RADOLAN na Jamus ma gyararre ne awa-awa. Amma ka kula da wani tarko, in ma'aunan da suka gyara radarka suna cikin waɗanda suka shiga GPCC suka gyara IMERG Final, toh jimillar wata zata yi kyau ƙwarai ka yi ta murna, alhali mutum ɗaya ne ya ba su amsa su biyun. Su ma ma'aunan ba waliyyai ba ne, iska mai ƙarfi tana kaɗe ɗigo daga bakinsu, mai ɗan cokali mai juyawa yana rage lissafi in ruwa ya yi yawa, wani kuma ganye ko gizo-gizo ya toshe shi ya yi sati yana rubuta sifili.

Yawwa, yanzu haɗa su wuri guda. Doka ɗaya ce, radar zaka ɗaga ta koma girman akwatin tauraro, kar ka farfasa akwatin tauraro ya koma girman na rada, don ba zaka ƙirƙiro masa idon da bashi da shi ba. Kowane akwati na digiri 0.1 zai ɗauki ƙananan akwatunan rada sama da ɗari a kusa da tsakiyar duniya, yana raguwa in ka nufi arewa ko kudu, a digiri 60 faɗinsa ya koma rabi. Ka ɗauki matsakaicinsu har da masu sifili, kuma in wani kaso mai yawa na akwatin yana cikin wurin da ka rufe ka jefar da akwatin duka. Kuma don Allah kar ka ɗauki matsakaicin dBZ. Ka juya kowanne ya koma milimita tukuna. Duba, akwati biyu, ɗaya dBZ 20 ɗaya 50. Da dabarar Marshall da Palmer na farko milimita 0.6 ne na biyu 48.6, matsakaici wajen 24.6. In ka fara haɗa dBZ ɗin ka samu 35 sannan ka juya, 5.6 zaka samu. Ka zubar da kusan kashi huɗu cikin biyar na ruwan sannan ka zo kana cewa tauraro yana zuzutawa.

Lokaci kuma duk ka mayar da shi UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, ka tabbatar ko tambarin da ke kan fayil farkon zangon yake nufi ko ƙarshensa. Sunan fayil ɗin IMERG yana ɗauke da farko da ƙarshe, misali daga 00:00:00 zuwa 00:29:59, amma jimillar rada ko ta ma'auni sau da yawa ƙarshen awar ake rubutawa. Lambar da ke cikin IMERG na rabin awa milimita a awa ce, in kana son abin da ya zuba a rabin awar sai ka raba biyu, in ka tara guda 48 na yini baka raba ba ka ninka ruwan duniya. Ka cire lambar cike gurbi, -9999.9, kafin kowane lissafi. Ni abin da ya taɓa cinye mini kwana uku kuwa, jerin lambobin cikin fayil ɗin IMERG, mai nau'in HDF5, yana zuwa ne da layin gabas-yamma a gaba, na arewa-kudu a baya, ni kuma na yanko yankina mai murabba'i daidai, tsawo da faɗi ɗaya, don haka kwamfuta bata yi ƙorafin komai ba, na samu dangantaka kusan sifili na zauna ina ta zargin tauraro ina rubuta dalilai masu zurfi, sai a rana ta uku na zana hotunan biyu gefe da gefe na ga hadarin da ke arewa maso yamma a rada yana zaune kudu maso gabas a nawa. Tun daga ranar bana taɓa lissafin komai sai na zaɓi hadari uku ko huɗu manya na kalle su da idona a hoto, ɗaya kusa da ɗaya, rabin awa bayan rabin awa.

Ko da komai ya zauna daidai zaka ga ɗan gocewa, kuma ba kuskurenka ba ne. Tauraro a karkace yake kallo, gajimaren da ya kai tsayin kilomita 12 in an hango shi a kusurwar digiri 45 zai bayyana kilomita 12 daga inda yake da gaske, akwati guda kenan cur. Ɗigon ruwa ma yana ɗaukar mintuna kafin ya sauko daga sama, iska na tura shi gefe. Ita ma rada hoto take ɗauka tana tsallake, hadari mai gudun kilomita 60 a awa ya yi tafiyar kilomita 10 tsakanin hoto biyu masu tazarar minti 10, in ka tara su haka kawai zaka ga jimillar ta yi layi-layi kamar ƙayar kifi, maganinsa a lissafa tafiyar hadarin a cike tsakanin.

Sai hukunci. Tambaya ta farko, ya gane ana ruwa ko bai gane ba? Ka zaɓi iyaka, misali milimita 0.2 a awa, duk abin da ya kai nan ruwa ne a ɓangarorin biyu. Kowane akwati zai faɗa ɗaya cikin gida huɗu, sun yarda ana ruwa, rada ta gani tauraro ya rasa, tauraro ya yi ihu babu komai, ko sun yarda a bushe ake. Bari in ƙirƙiro lambobi don misali kawai. Akwati 10,000, sun dace a 600, ya rasa 200, ya yi ƙarya a 300, sun yarda babu ruwa a 8,900. POD shi ne 600 cikin 800, wato 0.75, ya kama uku cikin huɗu. FAR 300 cikin 900, kashi ɗaya cikin uku na ihunsa na banza ne. CSI, wato inda suka dace cikin duk inda ɗayansu ya ce ana ruwa, 600 cikin 1,100, kusan 0.55. Wani zai ce ai ya yi daidai a 9,500 cikin 10,000, kashi 95, madalla. Toh wanda ya kwanta barci ya ce kullum babu ruwa shi ma zai ci kashi 92 a wannan jarabawar, don haka wannan lambar ka manta da ita, in kana son maki ɗaya da ya cire sa'a ka nemi HSS. Ka maimaita da iyaka daban-daban, 0.2, 1, 5, 10, zaka ga makin yana zubewa yayin da iyakar ke hawa.

Tambaya ta biyu, nawa ya ce an yi. Ka raba jimillar tauraro da jimillar rada, in ka samu 1.2 yana ƙari da kashi 20. Amma lamba 1.0 ma tana iya yaudararka, don ruwan da ya rasa da wanda ya ƙirƙira suna iya cinye juna, shi yasa nake raba kuskuren kashi uku, na inda suka dace, na wanda ya rasa, na ƙarya, kowanne da milimitarsa. MAE da RMSE, ma'aunan girman kuskure, da korileshan, ma'aunin dangantakar lambobin biyu, duk ka fitar, sai dai RMSE hadari biyu ko uku manya ne ke riƙe da wuyansa, kuma yana hukunta gocewa sau biyu, hadarin da aka gani daidai girmansa amma ya matsa akwati ɗaya za a ci shi tarar rashi a nan a sake cin shi tarar ƙarya a can. Don haka ka sake lissafin a manyan ma'auni, digiri 0.1 zuwa 0.25 zuwa 0.5, rabin awa zuwa awa 3 zuwa yini. Inda makin ya fara yin kyau nan ne girman da za a iya dogara da taswirar, kuma gaskiya wannan ita ce amsar da mai aikin madatsar ruwa ko mai hasashen ambaliya yake buƙata daga gare ka.

Wani abu da ke ruɗa har ƙwararru, in ka jera sakamako bisa ƙarfin ruwan da rada ta gani, kusan kullum zai nuna tauraro yana ƙari a yayyafi yana ragi a mamako. Wani ɓangare na wannan gaskiya ne, wani kuma warwatsuwar lambobi ce kawai ke haifar da shi. Juya ka jera bisa abin da tauraro ya faɗa, in yanzu kuma radar ce ta koma mai ragi a manyan lambobi toh ka gane. Ka zana yadda lambobin kowannensu suka rarrabu daga ƙarami zuwa babba ka ɗora su a kan juna, wannan ya fi faɗin gaskiya.

Kar ka dunƙule komai a lamba ɗaya. Ka ware teku da tudu da bakin gaɓa, don maikirowef yana rikicewa inda ruwa da ƙasa suka haɗu a ido ɗaya. Ka ware duwatsu, inda gajimare mai ɗumi marar ƙanƙara ke zubar da ruwa mai yawa tauraro bai lura ba, duk da a can ita ma radar ta fi shan wahala. Ka ware hadari mai tsawa da ruwan shimfiɗa mai daɗewa, dare da rana, lokacin zafi da na sanyi, da wurin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. A IMERG akwai ginshiƙin inganci, precipitationQualityIndex, da bayanin ko a rabin awar nan wani tauraron maikirowef ya wuce ko cike gurbi aka yi da tura tsohon hoto gaba da infared, ka raba su ka ga bambanci. Akwatuna miliyan ɗaya kuma ba shaidu miliyan ba ne, maƙwabta labari ɗaya suke bayarwa, in duk sun fito daga hadari goma toh goma gare ka. In zaka auna tabbacin makinka ka riƙa ɗibar kwanaki ɗungurungum kana sake lissafi, ba akwati ɗaya-ɗaya ba, kuma ka samu aƙalla zangon ruwa guda cikakke, biyu sun fi.

Gwaji na ƙarshe kafin ka rubuta rahoto, kuma shi na fi so don ba ya cin minti goma. Ka ɗauki rabon tauraro da rada ɗin nan ka lissafa shi zobe-zobe, kilomita 20 zuwa 40, 40 zuwa 60, har bakin iyakarka, sannan ka sake lissafa shi fuska-fuska, kowane digiri 10 na zagayen radar. Shi tauraro bai san inda aka kafa radarka ba, babu ruwansa. Don haka in ka ga rabon yana 1.0 a kusa ya koma 1.3 a tsakiya ya kai 1.8 a nesa, ko ka ga fuska ɗaya ta yi tsalle ta bar 'yan'uwanta, radar ce ke rasa ruwa a can. Sai ka koma baya ka matse zoben zuwa inda layin yake a kwance, ka rufe fuskar da ta yi tsalle, ka sake kunna lissafin daga wurin haɗa akwatuna.